Fulorayid a Ruwan Famfo: Inda Gardamar Ta Shafi Haɗeja

Sharhin yau ya shafi wata taƙaddama da ta daɗe tana tashi tana kwanciya a majalisun biranen Amurka da Kanada, wadda kuma ta sake ɗaukar zafi daga shekarar 2024, wato ko ya dace hukumar ruwa ta ci gaba da zuba sinadarin fulorayid a ruwan famfo domin kare haƙoran jama'a, musamman idan aljihun birni ya yi rauni har ana laluben inda za a rage kashe kuɗi. Mai sauraro a Haɗeja ko Auyo ko Kafin Hausa yana iya cewa wannan gardamar masu ƙoshi ce, tun da wanda ya kafa ido yana jiran ɗan garuwa tun da asuba ruwan kansa yake nema, bai kai ga tambayar abin da aka zuba a ciki ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta rufe zancen ba, domin fulorayid ba ya jiran hukuma kafin ya shiga ruwa. Yana cikin ƙasa da duwatsu tun fil azal, kuma kowace rijiya tana ɗauke da nata kaso, ko an auna ko ba a auna ba.

Fulorayid dai ma'adini ne da ke narkewa a ruwa ba tare da ya sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba, kuma ana lissafa yawansa da miligiram a cikin kowace lita. Amfaninsa ga haƙori ya samo asali ne daga yadda ruɓewa ke farawa. Abin da jama'a ke kira tsutsar haƙori, a haƙiƙa, ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki, waɗanda ke cin ragowar sukari da abinci mai sitaci su fitar da wani tsami da ke zaizaye farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, har rami ya buɗe. Idan akwai ɗan fulorayid a cikin yawu, yakan taimaka wa ɓawon ya maido da abin da ya zaizaye, ya kuma ƙara masa juriya ga tsamin. Idan kuwa ya yi yawa a lokacin da haƙoran yaro ke ginuwa a cikin dasashi, wato kafin ya kai kimanin shekara 8, sai haƙoran su fito da ɗige-ɗige fari fat kamar an shafa alli, in abin ya tsananta su rine zuwa ruwan ƙasa, su yi ƙananan ramuka. In ya wuce haka kuma aka daɗe ana sha, sai ya taru a ƙashi, gaɓoɓi su sandare, ƙafafuwan yara su lanƙwashe. Tazarar da ke tsakanin magani da cuta a nan ƙarama ce ƙwarai: Amurka tun 2015 ta tsayar da miligiram 0.7 a matsayin abin da ya dace a zuba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa iyakar 1.5, wadda ita ce iyakar da ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya ta 2007 ta ɗauka.

Abin lura a tarihin wannan ilimi shi ne, ta hanyar illa aka fara gano sinadarin kafin a san amfaninsa. A 1901 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya tarar da haƙoran mutanen garin Colorado Springs sun rine, amma ba su cika ruɓewa ba. Sai a 1931 binciken sinadarai ya tabbatar da cewa fulorayid ɗin da ke cikin ruwansu ne sanadi, daga nan kuma Trendley Dean na hukumar lafiyar al'umma ta Amurka ya kwatanta birane 21 har ya kai ga cewa kimanin miligiram 1 a lita yana rage ruɓewa ba tare da mummunan rini ba. A watan Janairun 1945 birnin Grand Rapids ya zama na farko da ya zuba shi da gangan, kuma a 1999 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta lissafa wannan aiki cikin manyan nasarori 10 na lafiyar al'umma a ƙarni na 20.

Masu goyon bayan zubawa suna kafa hujja ne da talaka. A cewarsu, ɗan mai hali yana da buroshi da man goge baki da likitan da ke duba shi lokaci-lokaci, ɗan talaka kuwa ruwan famfo ne kaɗai kariyar da ke iske shi har gida ba tare da ya biya ko ya bi layi ba. Saboda haka birnin da ya daina zubawa domin tsimi, a ganinsu, sauke nauyin ya yi daga kasafin kuɗinsa ya ɗora a kan iyayen da ba su da shi. Misalin da aka fi ambato shi ne birnin Kalgari na Kanada, wanda majalisarsa ta dakatar da zubawa a 2011, inda aka kawo batun kuɗin gyaran na'urori cikin dalilai. Binciken da aka yi daga baya a kan 'yan aji biyu na firamare ya nuna kusan kashi 65 cikin ɗari na yaran Kalgari suna da ruɓewa a haƙoran nono, a yayin da makwabcinsa Edmonton, wanda bai daina ba, yake da kimanin kashi 55. A 2021 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 62 suka zaɓi a dawo da shi, kuma ba a samu dawowar ba sai a ƙarshen watan Yunin 2025, bayan an kashe wajen dala miliyan 28 ta Kanada a kan sabbin na'urori. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. A birnin Buffalo na jihar New York kuwa, wanda ke cikin biranen Amurka da talauci ya yi wa katutu, an daina zubawa a 2015 da sunan gyara, yawancin mazauna ba su ankara ba sai a 2023 da jarida ta bankaɗo zancen, aka kai ƙara kotu, sannan aka dawo da shi a 2024.

Masu adawa su ma ba hannu rabbana suka zo ba. Hujjarsu ta farko ita ce zamani ya canza, domin alƙaluman da suka nuna raguwar ruɓewa da kusan kashi ɗaya cikin uku an tattara yawancinsu ne kafin 1975, lokacin da man goge baki mai fulorayid bai bazu ba. Bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a watan Oktoban 2024, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci a ware mai ƙarfi daga mai rauni, ta nuna cewa a binciken baya-bayan nan amfanin ya ragu zuwa kimanin rubu'in haƙori ɗaya ga kowane yaro. Hujja ta biyu ta fi nauyi: a watan Agustan 2024 wani shirin gwamnatin Amurka mai nazarin guba ya bayyana, da matsakaicin tabbaci, cewa shan ruwan da ya haura miligiram 1.5 yana da alaƙa da raguwar kaifin basirar yara, kodayake rahoton bai yanke hukunci a kan 0.7 da ake zubawa ba. A watan Satumba na shekarar, alƙali Edward Chen na kotun tarayya ya umarci hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ɗauki mataki a kan haɗarin, kuma a 2025 jihohin Utah da Florida suka haramta zubawa baki ɗaya. Hujja ta uku ta shafi yarda, wato cewa wanda aka zuba wa abu a ruwa ba shi da damar cewa a'a.

Duk da zafin gardamar, ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kan wani abu da ba su ma ɗauke shi abin faɗa ba: birni mai matatar ruwa ɗaya ko biyu, bututu ya kai kowane gida, ruwa yana zuwa dare da rana, kuma akwai ma'aikacin da ke ɗibar samfuri yana aunawa kullum. Da zarar an ɗauko gardamar daga can aka ajiye ta a bakin kogin Haɗeja, sai wannan ginshiƙi ya zame. Garin yana gefen kogi, ga madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 suna sarrafa ruwan da ke gangarowa, ga aikin noman rani na kwarin Haɗeja a wajen Auyo, amma galibin abin da ake sha a gidaje daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ta rijiyoyin burtsatse na hukuma da na unguwa da na masallaci da na masu hali, da famfunan tuƙa-tuƙa, da rijiyoyin gargajiya. Ɗan garuwa yakan cika jarkoki goma ko goma sha biyu a kurarsa daga tankin da ya samu babu dogon layi, gobe in an ɗauke wuta ko injin ya tsaya ya koma wani, kuma uwargidan da ya juye wa ruwa a randa ba ta tambayar daga wace rijiya ya ɗebo, farashin jarka take tambaya. Yaron gidan kuma da rana ya sayi fiya wata a bakin makaranta, wanda aka ɗura a wata masana'antar da ke da tata rijiyar. A irin wannan gari, ko da hukumar ruwa ta zuba fulorayid a babban tankinta, gidajen da bututu ya kai ne za su amfana, su ne kuwa waɗanda suka fi iya sayen makilin. Hujjar talaka, wadda ita ce ƙarfin masu goyon baya a Amurka, a nan ta juya musu baya.

Sai batun na'ura. Sinadarin da ake zubawa, wanda akasari daga masana'antun takin zamani ake samo shi, guba ne mai ƙarfi kafin a sirka shi, kuma ana ɗiga shi ne ta wani ƙaramin famfo da dole tafiyarsa ta yi daidai da gudun ruwan da ke wucewa a bututu. Idan babban injin ya tsaya ƙaramin ya ci gaba da ɗigawa, ruwan farko da zai fito bayan an dawo da wuta zai iya kwantar da unguwa guda. Hakan ya taɓa faruwa a zahiri: a 1992, a ƙauyen Hooper Bay na jihar Alaska, inda na'urar ta lalace kuma mai kula da ita ba shi da isasshen horo, kusan mutum 300 suka kamu da amai da gudawa, mutum ɗaya ya rasu. Hukumar da ke fama da kuɗin man inji da ɗaukewar wuta, wadda tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 kowane sinadarin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka mata kuɗi, idan ta samu rarar naira ɗaya, kulorin ne ya fi cancanta da ita, wato sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. Annobar kwalara ta 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Ambaliyar 2022, wadda ta shafe gonaki da ƙauyuka a masarautar Haɗeja, ta sake nuna yadda ruwan sama ke haɗe rijiya da masai. Ciwon haƙori azaba ne da ke hana barci, amma ba ya ɗauke yaro cikin yini guda.

Wannan ba ya nufin Haɗeja ta fita daga zancen, domin haɗarin da ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne na yawan fulorayid, kuma shaidarsa tana nan kusa, a garin Tibiri na Gobir da ke gefen Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A 1985 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi, jama'a suka yi murna da samun ruwa garau mai sanyi, aka yi ta sha shekara da shekaru. Sannu a hankali aka fara ganin yaran da aka haifa bayan buɗe rijiyar suna tasowa da rinannun haƙora, wasu ƙafafuwansu sun gwame ko sun bauɗe, wasu kawunansu sun yi girma fiye da kima, wasu tafiya ma ta gagare su. Da aka auna ruwan, sai aka tarar fulorayid ɗin da ke ciki ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara suka naƙasa naƙasar da ba ta warkewa, har ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na Nijar da na duniya suka fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. Ba wanda ya zuba wa ruwan Tibiri kome. Rijiya aka haƙa da kyakkyawar niyya, aka bar ta shekaru ba tare da an ɗauki matakin da awo ke wajabtawa ba.

A Najeriya ma an san wuraren da abin ya yi ƙamari, kamar Langtang a jihar Filato da Kaltungo a jihar Gombe, inda duwatsun yankin ke sakin sinadarin cikin ruwan ƙasa. Wani bincike da Farfesa Akpata da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, bayan sun ɗebi samfurin ruwa daga ƙananan hukumomi 109 a faɗin ƙasar, ya nuna cewa yawancin wurare fulorayid ɗinsu kaɗan ne, wasu kuma ya haura abin da ya dace, har ma a gari ɗaya ana iya samun bambanci tsakanin wannan rijiya da waccan. Haɗeja tana zaune ne a kan shimfiɗar yashi da laka ta kwarin Tafkin Cadi, saɓanin yankin Dutse da Birnin Kudu mai duwatsu, kuma wani zai iya ɗaukar hakan a matsayin kariya. Sai dai rijiyar Tibiri ma ba a cikin dutse aka haƙa ta ba. Ruwan da ya daɗe kwance a can ƙasa yana da lokacin narkar da abin da ke kewaye da shi, don haka duk sanda mai haƙa ya ƙara zurfi domin neman ruwan da ba ya ƙafewa da rani, ya shiga wani kaso na daban da ba a san abin da ke cikinsa ba sai an auna.

Akwai kuma lissafin zafi, wanda masu kwafo ƙa'ida daga ƙasashen sanyi kan manta da shi. Abin da ke shiga jiki ya dogara ne da yawan ruwan da aka sha, kuma manomin da ke aikin shinkafa ko alkama ko tattasai a fadama cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana shan ninkin abin da mazaunin Kalgari ke sha. Wannan ne ya sa masu binciken na 2009 suka ga cewa abin da ya dace da Najeriya bai wuce miligiram 0.3 zuwa 0.6 ba, wato ƙasa da abin da Amurka ke zubawa, kuma ƙasa ƙwarai da iyakar 1.5 da ke rubuce a ƙa'idar ƙasar. Ruwa kuma ba shi kaɗai ne ƙofa ba. Ganyen shayi yana tara fulorayid, ga shi teburin mai shayi ba ya rabuwa da jama'a safe da dare. A Tanzaniya an tabbatar cewa magadi, ɗan uwan kanwa da ake sa wa a girki, yana cikin abubuwan da ke rina haƙoran yara ko da ruwansu ba shi da laifi, abin da ya isa ya sa a duba kanwar da ke shiga kunu da wake da miyar kuka a nan. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin daga jiki, saboda haka mai ciwon ƙoda ya fi kowa tara shi, kuma wannan abin kula ne a kwarin da aka daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda, daga Haɗeja har Gashuwa. Abin da ke ƙara ɓoye alamar shi ne, a ƙasar da goro ke rina haƙoran manya, jan haƙori ba ya ɗaga hankalin kowa. Wurin dubawa shi ne bakin ɗan shekara 10 da bai fara cin goro ba.

Batun yarda kuwa ba a buƙatar aro shi daga Amurka. Gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano a 1996, da dakatar da rigakafin shan inna a 2003 bisa jita-jitar an sa masa abin hana haihuwa, sun koya wa jami'an lafiya na Arewa cewa duk abin da aka shigar jikin jama'a ba tare da an zauna da sarakuna da malamai da masu unguwanni ba, ranar da zancen ya fito za a yi asarar abin da ya fi shi. Idan aka wayi gari ana raɗe-raɗin an zuba wa famfo magani, mutane ruwan kogi da kududdufi za su koma, inda kwalara da tsargiya ke jira.

Kariyar haƙori tana da wasu hanyoyin da ba su bi ta bututu ba. Suwizalan ta fara sa fulorayid a gishiri tun 1955, Jamaika ta bi sahu a 1987, kuma Najeriya ta riga ta san wannan hanya, tun da ta gishiri mai aidin ta yaƙi maƙoƙo daga 1993. Amma gishiri yana shiga kowace kasuwa ba tare da ya bambanta Langtang da Legas ba, don haka shi ma ba zai yiwu ba sai an san taswirar ruwan ƙasar. Hanyar da ta fi sauƙin kamawa ita ce man goge baki mai fulorayid, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar cikin jerin muhimman magunguna a 2021, domin ana shafa shi a kan haƙori a tofar, ba a haɗiye shi ba, kuma bai hana aswaki aikinsa na kankare datti ba. Ruɓewar haƙori ta fi bin sukari, shi kuwa yana ƙaruwa a shayi da lemon kwalba da alewar da ake sayarwa a ƙofar kowace makaranta, yayin da harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, hauhawar farashi ta riga ta cinye shi. Iyayen da ke danna wa yaro kanumfari a ramin haƙori, har sai fuska ta kumbura sannan a nufi asibiti a cire, sun fi buƙatar buroshi da makilin a makaranta da likitan haƙori a kusa fiye da sabuwar na'ura a gidan ruwa.

Aikin da ke gaban hukumar ruwa ta jihar Jigawa, da takwarorinta masu kula da ƙananan garuruwa da karkara, shi ne awo. Na'urar gwajin ta hannu ce, jami'i ɗaya zai iya ɗaukarta a kan babur ya zaga rijiyoyin unguwa guda a yini. Jihar da ta iya bin gida-gida har ta zama ta farko a Najeriya da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili a 2022 tana da ma'aikatan da suka san hanyar kowane ƙauye daga Malam Madori zuwa Guri. Abin da ya dace shi ne kada a miƙa sabuwar rijiya ga jama'a, ko ta gwamnati ce ko ta ɗan siyasa ko ta mai neman lada, sai an auna ta, a sake aunawa da rani da kuma bayan ambaliya, a rubuta sakamakon da fenti a jikin tanki inda ɗan garuwa da mai saye za su gani, a kuma nemi masu fiya wata su buga nasu a jikin leda. Rijiyar da aka samu ta haura iyaka ba lallai a rufe ta ba: ana iya barinta ga wanki da wanka da aikin gini, ko a sirka ruwanta da na wata mai ƙarancin sinadarin, ko a tace shi da gawayin ƙashi kamar yadda ake yi a yankin Nakuru na Kenya. Tafasawa dai ba ta fitar da fulorayid, ƙara masa ƙarfi take yi gwargwadon ruwan da ya tafi a tururi, kuma wannan na cikin abubuwan farko da ya kamata ma'aikatan lafiya su sanar da masu jego da ke dama wa jarirai madarar gwangwani da ruwan rijiyar da ba a taɓa aunawa ba.